Amurka: wa ya kamata a hukunta a kan gubar fentanil?

Fentanil magani ne na kashe zafin ciwo, wanda likita Paul Janssen ya haɗa a ƙasar Beljik wajen shekara ta 1960. A asibiti yana da amfani ƙwarai, amma ƙarfinsa ya ninka na heroyin sau 50, kuma miligram 2 kacal na iya kashe mutum. Saboda araharsa, masu fataucin miyagun ƙwayoyi suna cuɗa shi cikin heroyin da hodar iblis, ko su buga ƙwayoyin jabu masu kama da na kantin magani. Mai saye bai san abin da ya haɗiye ba. A shekara ta 2022, fentanil da danginsa sun halaka mutum fiye da 70.000 a Amurka.

Ganin haka ne ƴan majalisu suke ta kawo shawarar tsananta hukunci. Dokar tarayya ta riga ta tanadi ɗaurin shekara 5 aƙalla ga wanda aka kama yana fataucin gram 40 na gauraye mai fentanil, da shekara 10 ga gram 400. A shekara ta 2023, jihar Teksas ta ƙara gaba: wanda ya ba wani fentanil har ya mutu, ana iya tuhumarsa da laifin kisan kai.

To, amma wa ake kamawa? Wanda ya yi cuɗin yakan kasance can nesa, ƙwayar kuwa sai ta bi hannuwa da yawa. Na ƙarshe, sau da yawa, mashayi ne da ya raba da abokinsa, shi ma bai san da gubar ba. In tsoron kaso ya hana shi kiran likita, to, an yi asarar ran da maganin naloksan zai iya cetowa.

Amurka ta taɓa bin wannan hanya. Dokar 1986 ta ɗora hukunci mai tsanani a kan wani nau'in hodar iblis, gidajen kaso suka cika da ƙananan ƴan talla, har aka sassauta ta a 2010.

Saboda haka, abin lura ga masu tsara doka shi ne a rarrabe wanda ya cuɗa guba da gangan don riba da wanda jaraba ta kama. Na farko ya cancanci hukunci mai nauyi. Na biyu, magani yake bukata.