Ku Daina Nuna Mana Aljani A Minti Na Farko

Yau na ajiye zancen littafi a gefe, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya game da finafinanmu na ban tsoro.

Kwanakin baya na shiga wani gidan kallo a nan Dutse, aka sa fim ɗin Hausa da aka ce na aljanu ne. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga wani ƙato an shafe masa fuska da farar hoda, an sa masa jan janbaki a ido, yana ta ƙyaƙyata dariya ana ƙara masa amsa-kuwwa. Wallahi ɗakin nan kaf aka fashe da dariya, har wani yaro ya ce ai wannan mai shayin unguwarsu ne. Ni kuwa takaici ya hana ni dariya. Tun daga Turmin Danya na 1990 muke wannan sana'a, ashe har yau ba mu san yadda ake buɗe fim ɗin tsoro ba?

Jama'a, abin da ido bai gani ba shi ne ke tsorata zuciya. Kakanninmu mata sun san haka tun kafin a ƙirƙiro kyamara. In tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, ba ta jefo Dodo a jimlar farko. Sai ta fara da yarinya mai taurin kai da aka hana zuwa rafi da almuru, ta sassauta murya, ta yi shiru, har sai mun matsa jikinta.

Alfred Hitchcock, wanda ya yi Psycho a 1960, ya taɓa bayyana wannan da misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato, mai kallo zai razana na 'yan daƙiƙu, amma in an nuna masa bam ɗin tun farko, mutanen da ke hira ba su sani ba, to zai shafe mintoci zuciyarsa na dukan uku-uku. Mu mayar da shi gida. Nuna mani kububuwa ta shige cikin tulu, sannan ka nuna amarya ta taho da moɗa tana waƙa. Kana buƙatar hoda a nan?

Na san amsar da za a ba ni: babu kuɗi, babu kayan aiki. To, a fim ɗin Jaws na 1975, kifin roba da Steven Spielberg ya sa aka ƙera masa ya yi ta lalacewa, dole ya riƙa ɓoye shi. A buɗewar fim ɗin ba ka ganin kifi, sai yarinya tana iyo da dare, da kiɗan John Williams mai sauti biyu kacal. Shi kuwa John Carpenter ya buɗe Halloween na 1978 da kyamara a matsayin idon mai kisa, tana zagaya gida tana leƙen taga. Scream na 1996 da ƙarar tarho ya fara, budurwa ita kaɗai a gida. Cikin waɗannan wanne ne ya fi ƙarfin aljihun furodusanmu?

Kuma wa ya kai mu wurin ɗauka? Ku hau duwatsun da suka kewaye Garu bayan sallar magariba, lokacin hunturu, iska na kaɗa ganyen dabino, ku ajiye kyamara ku yi shiru. Mace ɗaya da fitilar ƙwai, akuya ta daina kuka farat ɗaya, takun ƙafa ya tsaya duk lokacin da ta tsaya. Shi ke nan an gama da mai kallo.

Saboda haka ga roƙona ga daraktoci da marubutanmu. Ku bar mu mu san mutumin, mu so shi, kafin ku jefa shi cikin haɗari. Ku rage kiɗan fiyano da ke sanar da zuwan aljani tun daga nesa. Ku riƙe abin tsoron har tsakiyar fim. In ba haka ba, yaranmu za su ci gaba da neman tsoro a finafinan Indiya da Amurka, namu kuwa su ɗauke su wasan barkwanci, kuma laifin ba nasu ba ne.

Wanda maganata ta sosa wa rai ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya sa mu dace.