Shiru Ba Salama Ba Ne

Akwai wata koyarwa da ta yi kaka-gida a ikkilisiyoyin bakin Kwara, daga Madecali har Malanville. Masu ita suna cewa in husuma ta tashi, mai bi ya rufe bakinsa, ya yi addu'a, ya bar wa Allah. Suna kiran wannan salama. Tsoro ne aka sa wa rigar ibada.

A duba Farawa sura 26. Makiyayan Gerar sun ƙwace wa Ishaku rijiya, ya haƙa wata, suka sake ƙwacewa, ya matsa gaba bai zare takobi ba. Masu koyarwar shiru a nan suke rufe littafin. Amma da sarki Abimelek ya zo neman alkawari, Ishaku ya faɗa masa ido da ido cewa sun ƙi shi, sun kore shi. Sai da maganar ta fito fili aka ci abinci tare, aka rantse. Haka Ubangiji Yesu ya umarta a Matiyu sura 18: wanda aka yi wa laifi ya tashi ya je wurin ɗan'uwansa, in bai ji ba ya koma da shaidu.

Mutanen wannan kogi sun ga abin da idonsu. Tun 1960 Nijar da Dahomey, wato Benin ta yau, suke jayayya kan tsibirin Lete, har a 1963 Nijar ta kori ma'aikatan Dahomey daga ƙasarta. Shekaru arba'in na jan ƙafa ba su warkar da kome ba. A 2001 ƙasashen biyu suka yarda su kai ƙara Kotun Duniya, kuma su karɓi hukunci ko da ya yi ɗaci. A 2005 kotu ta ba Nijar Lete, ta raba sauran tsibiran, ba a harba bindiga ba.

Bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023 aka rufe gadar Malanville da Gaya. Manyan motoci suka yi layi, talakawa suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe. A Yuni na shekarar, tsofaffin shugabanni Nicéphore Soglo da Boni Yayi suka taka har Yamai wurin Janar Tiani. Ziyarar ba ta buɗe gadar nan take ba, amma dattawan sun je.

Dattawan ikkilisiya fa? Ba wanda ya ce su sasanta gwamnatoci. Amma shanu suna shiga gonar shinkafa kowace kaka, manomi da makiyayi suna wasa wuƙa, kuma dattijon da ya san sunan uban kowannensu yana zaune a gida yana cewa ba ruwan mai bi. Tsakanin ƙofarsa da rugar Fulani ko kwalekwale ba a bukata.