Kada A Yi Gaggawar Fasa Indomin Mota

Sanin kowa ne cewa burin ɗan Arewa mai neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal shi ne ya tara 'yan kuɗi, ya sayi mota 'yar Kwatano ya kai gida, ko don hawa ko don wani ƙane ya yi haya da ita. Ga mutumin Ngojin ta ƙasar Potiskum a Jihar Yobe irin wannan mota jari ce, domin hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa Potiskum, ga kuma babbar kasuwar shanu da ta hatsi masu tara jama'a.

To, amma sau da yawa bayan tafiyar fiye da kilomita 1,000, sai mota ta soma rashin ƙarfi, a taka totur ta ƙi tashi, a kan tudu sai nishi. Da an je gareji sai a ji makanike ya ce, "Alhaji, indomi ce, a fasa ta kawai." Wannan gaggawa hasara ce, kuma ya kamata masu motoci su daina yarda da ita.

Abin da makanikai ke kira indomi ko katalis wata matata ce a jikin salansa, cikinta kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, watau filatinam da faladiyam da rodiyam. Aikinta shi ne rage dafin hayaƙi. Tun 1975 aka soma sa ta a yawancin motocin Amurka, ƙasashen Tarayyar Turai kuwa suka wajabta ta ga sababbin motocin fetur daga 1993. Tsadar ƙarafan nan ita ke sa wasu marasa amana ɗokin cire ta, don akwai masu sayen tsohuwa da kuɗi mai kauri.

Gaskiya ne indomi tana toshewa. In ta toshe hayaƙi ba ya samun mafita, inji ya kasa shaƙar sabuwar iska. Alamunta su ne mota ta yi lafiya a tsaye amma ta kasa gudu, abin ya tsananta in inji ya ɗau zafi, ƙarƙashinta ya yi zafi ainun, wani lokaci har da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Sai dai fa akwai abubuwa masu araha da ke jawo rashin ƙarfi: matatar iska da ƙurar hunturu ta cika, matatar mai da dattin fetur ɗin 'yan bumburutu ya toshe, famfon mai da ya gaji, mataccen fulogi, ko kuloci mai sulɓi. Su ya kamata a soma dubawa.

Gwajin kuwa ba wuya. Makanike ya kwance sansar da ke gaban indomi, a ɗan zaga da motar. In ƙarfi ya dawo saboda hayaƙi ya sami kafa, to, lalle akwai toshewa. Har ila yau motocin Amurka daga 1996 suna da wurin jona kwamfuta. Amma a lura, lambar P0420 tana nuna indomi ta yi rauni wajen tacewa ne, ba ta tabbatar da toshewa ba.

Babban abin lura shi ne da wuya indomi ta mutu haka kawai. Fulogi ko koyil da ya mutu yakan tura ɗanyen fetur ya ƙone a cikinta har ta narke, inji mai shan baƙin mai kuwa yakan liƙe ramukanta. Wanda ya fasa ta bai gyara tushen cutar ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Motar za ta ci gaba da shan mai, ga shi tun cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023 fetur ya zama abin tattali. Hayaƙin kuma yara 'yan talla da fasinjoji a tasha su za su shaƙe shi.

Saboda haka duk mai niyyar kai mota gida ya sa a gwada ta tun tana Kudu, a leƙa a tabbata indominta na nan kafin ya biya. In gyara ya kama ya tsaya a kan motarsa, in an canja wani abu ya karɓi tsohon. Makanike mai gaskiya ba zai ƙi gwaji ba. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.