Samarin Bolga da Tarihin da Muka Bari a Hannun Baƙi



A ranar 6 ga Maris 1971 aka yi babban wasan Soul to Soul a Accra, inda Santana da Wilson Pickett suka zo daga Amurka. Bayan wannan dare, zazzaɓin jita mai lantarki ya kama samarin Ghana, bai kuwa tsaya a bakin teku ba. Ya hauro arewa har Bolgatanga, hedkwatar tsohuwar Upper Region, tafiyar kusan kilomita 160 daga nan Tamale. A can aka sami wata ƙungiya mai suna Uppers International, wadda ta gauraya jita da ganga da sautin arewa, ita ce kuma Christy Azuma ta yi waƙa da ita.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sunayen waƙoƙin. Akwai "Dankasa", akwai kuma "Samarin Bolga" da ta fito da sunan Uppers Chapter 2. Ba Hausa ba ce wannan? Ga shaida a kan faifai cewa harshen da fatake suka kawo tare da goro da kanwa ya zama harshen da matasan arewa, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, suke kiran juna da shi.

Daga baya kasuwar ta mutu. Dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 ta ɗauki fiye da shekara biyu, wuraren wasa suka rufe, makaɗa suka watse. Faya-fayen suka kwanta cikin ƙura, har kamfanin Soundway na Ingila ya sake fitar da "Samarin Bolga" a 2004, Analog Africa na Jamus ya fitar da "Dankasa" a 2010. Baƙo ya tsinci abin da ɗan gida ya zubar.

Na san abin da wasu malamaina za su ce, domin ni ma allo na riƙe kafin biro: kiɗa shagala ne, me ya kai mu? Ina girmama wannan magana. To amma hukunci a kan kiɗa daban, adana tarihi daban. Mai rubuta labarin yaƙi ba shi ne mayaƙi ba. Ku tuna Alhaji Umaru na Salaga da Karachi, wanda ya rasu a 1934. Da yawa daga labaran Hausa da ya rubuta wani Bajamushe ne, Adam Mischlich, ya adana su. Sau nawa za mu riƙa zuwa Turai neman abin da aka haifa a ƙofar gidanmu?

A aikina na rubuta wa dattijo takardu, na ga tsoho ya rasu an kwashe akwatinsa, hotuna da faya-faye da kaset, an watsar da su kamar shara. Roƙona ke nan: wanda yake da irin wannan akwati, daga Aboabo har Sabonjida, kada ya yar. Ya ɗauki hoton abin da ke ciki, ya zauna da tsohon da ya ga zamanin, ya naɗi muryarsa a waya tun yana da rai. Jikokinmu za su tambaya, ya kamata su sami amsa a gida.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.