Kada ɗan koyo ya fara a jikin majinyaci

Kowane likita yana da ranar da ya fara soka allura, ya fara ɗinke rauni, ya fara karɓar haihuwa. Abin tambaya shi ne a jikin wa. A asibitocin koyarwa na yankinmu, sau da yawa a jikin talaka ne, wanda bai ma san ɗan koyo ne ke riƙe da hannunsa ba.

Wannan ne ya sa makarantun likita a duniya suka rungumi koyo ta hanyar kwaikwayo. Ɗalibi ya gwada aikin a jikin mutum-mutumin roba, ya yi kuskure, malami ya gyara masa, ya sake har hannunsa ya faɗa. A Faransa, wani rahoton hukumar kula da ingancin kiwon lafiya na 2012 ya kafa ƙa'idar cewa kada gwajin farko ya kasance a jikin majinyaci.

Ana yawan cewa wannan hanya ta ƙasashe masu kuɗi ce. Lallai akwai mutum-mutumi masu aiki da kwamfuta da tsadarsu ta fi ƙarfin jami'o'inmu, amma ba su kaɗai ke ceton rai ba. Shirin Helping Babies Breathe, da aka ƙaddamar a 2010, yana amfani da 'yar tsanar jariri mai suna NeoNatalie, wadda ake cika wa ruwa kuma ba ta bukatar lantarki. A kanta ungozoma ke koyon hura wa jaririn da bai yi numfashi ba iska cikin mintinsa na farko a duniya. Binciken da aka wallafa a 2013 kan asibitoci takwas na Tanzaniya ya nuna mutuwar jarirai a ranar haihuwa ta ragu da kashi 47 cikin ɗari bayan horon.

Sai dai roba ba ta magana. Tun 1963 likita Howard Barrows na Amurka ya fara horar da lafiyayyun mutane su yi kwaikwayon marasa lafiya, domin ɗalibai su koyi tambaya da sauraro. A nan ne batun ya fi shafarmu. Ɗalibin likita a Yamai, Garwa ko Njamena da Faransanci yake karatu, amma tsohuwar da za ta zauna gabansa tana iya cewa "ciwon zuciya" alhali baƙin ciki take nufi. Matar da ke jin nauyin faɗin inda ke mata ciwo kuwa, kewaye-kewaye za ta yi.

Saboda haka jami'ar da za ta buɗe ɗakin gwaji ta fara da kayan da za ta iya gyarawa da kanta, ta kuma ɗauki masu kwaikwayo da ke jin Hausa, Fulatanci, Zabarmanci ko Larabcin Chadi. Ƙungiyoyin Hausawa mazauna waɗannan birane suna iya ba da mutanen da za su yi wannan aiki, tunda iyayensu ne gobe za su kwanta a gadon asibitin.