Giwar Ƙarfe a Cikin Taɓo: Laifin Wa?

Duk ɗalibin da ya taɓa fita ta ƙofar baya ta jami'ar nan, ya miƙi hanyar ƙauyukan da ke kawo mana tumatir da albasa, ya san abin da za mu yi magana a kansa. Tun tsakiyar damina wata katafila ta zame daga bakin kwalbatin da ake ginawa, ta gangara cikin fadama, ta kafe. Ga shi an yi girbi, hunturu ya kama, tana nan inda take, ta karkata gefe guda. Yara sun mai da ita wurin wasa, ɓarayi kuwa sun riga sun kwance batir da fitilu. Hanyar da aka kawo ta domin ta gyara, ita ce ta bari a yanke. Manoma sai su ɗauko kwandunansu a ka har bakin kwalta, mai naƙuda kuwa sai a amalanke.

Da aka tambayi ɗan kwangilar, wai sai ya ce ikon Allah ne, ƙasar wurin ce ba ta da kyau. Mu ba mu musun ikon Allah, amma ba mu yarda a fake da shi a ɓoye sakaci ba. Wanda ya san asalin wannan na'ura zai ji kunyar kawo irin wannan hanzari. A shekarar 1904 ne wani Ba'amurke, Benjamin Holt, ya gwada tarakta mai tafiya a kan sarƙa a jihar Kalifoniya, domin manyan taraktocin lokacin suna nutsewa a lallausar ƙasar gonakin yankin. Sarƙar tana shimfiɗa nauyi a kan fili mai faɗi, watau tana tafe da hanyarta. Kamfanin Caterpillar da aka kafa a 1925, wanda daga sunansa muka sami kalmar katafila, a kan wannan dabara ya ginu. Ashe kuwa na'urar da aka ƙera musamman don kada ta nutse, in ta nutse akwai wanda ya tura ta inda bai auna ba. In kuma ta yi watanni a ciki, akwai wanda ya ƙi yin aikinsa.

Ba a ce ba a gwada fid da ita ba. An gwada, kuma da idonmu muka gani. Aka kawo tifa biyu, aka ɗaura wata tsohuwar sarƙa, jama'a suka yi cincirindo suna ihu. Tayoyin tifa suka yi ta juyawa a kan santsi, direbobi suka ja da baya suka fizga, sarƙar ta tsinke ta yi bulala, ta karya ƙafar wani lebura. Daga ranar ba wanda ya sake komawa. Leburan yana gida, ba albashi, ba diyya.

Abin baƙin ciki shi ne, wannan aiki ba tsafi ba ne, lissafi ne, kuma an daɗe da rubuta shi. Babbar katafila irin D8 tana da nauyin da ya kai kusan tan 40. Ƙa'idar da ke cikin littattafan sojan Amurka na ceto motocin da suka kafe ita ce, in taɓo ya tsaya iyakar ƙafafu, ƙarfin da za a ja da shi daidai yake da nauyin motar. In ya haura ƙafafu ya kai ga murfinsu, sai a ninka biyu. In ya kai ga mazaunin direba, sai a ninka uku. Tamu taɓo ya rufe mata sarƙa, watau ana maganar ja na kusan tan 80. To, ina tifa biyu a kan santsi za su sami wannan ƙarfi, kuma wace ruɓaɓɓiyar sarƙa ce za ta jure shi?

Mai hankali ba ya fara da ja. Yakan fara da rage abin da zai ja. A haƙa magudana a janye ruwan, a kwashe lakar da ke gaban sarƙoƙi da ƙarƙashin ciki, domin laka tana tsotse ƙarfe kamar ƙahon wanzami, sai iska ta shiga za ta saki. A yi gangara mai sauƙi ta hanyar da na'urar ta shigo, gama ja da baya ta kan sawunta ya fi sauƙi bisa ga keta sabon taɓo. A shimfiɗa gumagumai ko azara domin sarƙa ta sami abin kamawa. Sa'an nan a kawo igiyar waya wadda aka san iyakar ƙarfinta, a ɗaura ta a wurin da maƙera suka tanada don ja, a zura ta a kan gargaren ƙarfe. Gargare guda a jikin na'urar da ta kafe yana kusan ninka ƙarfin mai ja. A ja sannu a hankali ba tare da fizga ba, mutum guda ne ke ba da umarni, kowa kuma ya ja nesa fiye da tsawon igiyar. In ruwa ya shiga injin, kada a kuskura a tayar da shi kafin a zubar, domin ruwa ba ya matsuwa, sandunan fistin ne za su lanƙwashe. Wannan duka aikin 'yan kwanaki ne ga wanda ya nufa. A watan Maris na 2021 jirgin ruwan nan Ever Given, mai tsawon mita 400, ya tokare mashigin Suwez, cikin kwana shida aka fid da shi. Mu tan 40 ta gagare mu tun damina.

Laifin wa ke nan? Na farko na ɗan kwangila ne, wanda ya karɓi kuɗin somin aiki, ya ga gyaran ɓarnarsa zai taɓa ribarsa, ya kaɗa babbar riga ya tafi. Na biyu na ma'aikatan da aka ɗora wa duba aikin ne, waɗanda ba su tambayi me ya kai na'ura mai wannan nauyi bakin fadama a tsakiyar damina ba, ba su kuma tilasta masa ya fid da ita ba. Mun san dalilin shirun: na'urar da ta ruɓe hujja ce ta sake ware kuɗi, sabuwar kwangila kuwa ba ta zuwa hannu sake. Dukiyar talakawa ce ke tsatsa, shi ya sa ba mai jin zafi.

Na uku kuwa namu ne, kuma shi ya fi ciwo. Muna da sashen koyar da injiniyoyi, inda ake cika allo da lissafin ƙarfi da nauyi da halin ƙasa, amma ba malami ko ɗalibi guda da ya taka ya je ya auna zurfin taɓon nan. Muna haddace darasin gargare domin jarrabawa, alhali ga jarrabawar gaskiya a bayan katangarmu. Tsofaffin kanikawan garejin gari, waɗanda muke raina wa don ba su jin Turanci, sun fi mu sanin yadda ake ta da kwantacciyar mota. Ilmin da ba zai iya buɗe wa maƙwabtansa hanya ba, me ya raba shi da ado?

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta rubuta wa hukuma, ta nemi a tilasta wa ɗan kwangilar ya fid da na'urarsa, ya ƙarasa kwalbatin kafin ruwan farko, ya kuma biya leburan nan diyya. Muna kira ga malamanmu su kai 'yan ajin ƙarshe wurin, a auna, a yi lissafi, a miƙa wa hukuma tsarin aikin a rubuce, a kuma gayyato kanikawan nan a zauna da su a matsayin malamai. Muna neman kada a sake sa hannu a kwangilar hanya sai an ga kayan ceto da mutumin da ya iya aiki da su.

Yanzu ne lokacin, tun ƙasa na bushe. In muka bari har hadari ya sake haɗowa, taɓo zai ƙara haɗiye ta, manoma su ƙara shekara da kaya a ka. Ran nan kuwa kada wani a cikinmu ya ce ikon Allah ne, domin Allah ya ba mu rani guda cur, ya ba mu ilmi, mu ne muka zauna.