Birnin da ya binne ɗakin waƙarsa, ya dawo yana tono

A shekarar 1973 motocin rusau suka shiga titin Mathew da ke tsakiyar birnin Liverpool na ƙasar Ingila, suka baje wasu tsofaffin gidajen ajiyar kaya, aka tura ɓaraguzan cikin wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa har ya cika. Hukumar jiragen ƙasa ce ke son wurin, wai za ta haƙa mashigar iska saboda sabon layin dogon da ake ginawa a ƙarƙashin birnin. Ƙarshenta ba a ma haƙa mashigar a nan ba, filin ya koma wurin ajiye motoci. Ɗakin da aka binne kuwa shi ne Cavern, inda samarin nan 'yan garin da duniya ta sani da suna Beatles suka yi wasa kusan sau 300 tsakanin Fabrairun 1961 da Agustan 1963. Lokacin da aka yi wannan aika-aika, ƙungiyar ta shekara uku da watsewa, kuma da wuya a sami ƙasar da faifanta bai shiga ba. Amma hukumomin garinsu ba su ga abin ajiyewa a wurin ba.

Yau wannan ɗan siririn titin ba ya rabo da baƙi, rani da damina. Za ka ga ayari-ayari, kowanne da jagoransa a gaba, yana tafe yana tsayawa, yana nuna ƙofa, yana ba da labari. Yawo ne na ƙafa, kuma yawancin zangonsa tsofaffin mashaya ne, domin a nan makaɗan garin suka yi zaman ƙuruciyarsu. Na san mai karatu zai ce, me ya haɗa kifi da kaska, me ya haɗa mu da gidajen giyar Turawa? A yi mini haƙuri, zan zo nan. Mu fara bin ayarin tukuna.

Abin da jagora kan fara faɗa yakan ba baƙi mamaki: a zamanin Beatles ba a sayar da giya a Cavern. An buɗe shi a Janairun 1957 domin masu son kiɗan jaz, kuma daga baya har wasan tsakar rana ake yi, 'yan makaranta da ƙananan ma'aikata su sauko lokacin hutun cin abinci, su sha kiɗa cikin zufa da ƙarancin iska, su koma bakin aiki. A irin wannan wasa na rana ne, ranar 9 ga Nuwamban 1961, wani mai kantin faya-fayi, Brian Epstein, ya sauko ya gan su, daga baya ya zama manajansu. To, da yake babu giya a ciki, makaɗa kan tsallaka titi su shiga mashayar Grapes kafin wasa ko bayansa. Can ayari ke shiga, a nuna musu kusurwar da samarin ke zama da hoton da aka ɗauke su a wurin. A nan ake ba da labarin Pete Best, mai gangarsu na lokacin, wanda aka kora a Agustan 1962, saura wata biyu faifansu na farko ya fito, aka ɗauko Ringo Starr a madadinsa. Jagorori na cewa a Grapes ya zo ya zauna da baƙin cikinsa ranar. Taku kaɗan daga nan akwai White Star, mai ɗan ɗaki a baya inda masu shirya wasa ke biyan makaɗa kuɗin aikinsu.

Daga nan sai a nufi titin Slater, gidan Jacaranda, wanda Allan Williams ya buɗe a 1958 a matsayin wurin shan kofi. Biyu daga cikin samarin, John Lennon da abokinsa Stuart Sutcliffe, 'yan kwalejin zane-zane marasa ko sisi, sun yi wa bangon ɗakin ƙasa zane, kuma Williams ɗin ne ya loda 'yan ƙungiyar a mota ya kai su Hamburg ta ƙasar Jamus a Agustan 1960, inda suka goge da wasan dare. Sai a hau tudu zuwa wata 'yar mashaya mai suna Ye Cracke a titin Rice, bayan kwalejin tasu, inda allo ke bango yana tuna alkawarin da Lennon da abokansa uku suka yi a 1960 cewa sai sun ɗaga sunan garinsu. Yawanci akan ƙare a Philharmonic da ke titin Hope, ginin da aka kammala a 1900, wanda a 2020 hukuma ta sa shi cikin sahun farko na gine-ginen da doka ta hana taɓawa. Abin dariya, abin da ya fi shahara a gidan shi ne bayan-gidan maza, saboda da dutsen marmara aka ƙawata shi, har mata kan nemi izini su leƙa. A 2018 Paul McCartney, shi ma ɗan Beatles, ya faɗo wurin ba zato ya yi wa masu zaman shan giya wasa.

Duk cikin waɗannan wurare, in ka cire na ƙarshen, babu wanda ginin kansa zai tsayar da mai wucewa. Benci ne da bango da tsohon hoto. Abin da baƙo ya biya kuɗi ya saya yana bakin jagora: wa ya zauna a nan, wace shekara, nawa aka biya shi, da wa ya yi faɗa. Jarin ke nan gaba ɗaya, kuma an tara shi ne daga bakin mutanen da suka ga abin da idonsu, masu tsaron ƙofa da masu gabatar da wasa da 'yan matan da suka yi layi a titin, tun suna raye.

Ba hikima ce ta sa Liverpool ta farka ba, wuya ce. Garin ya rayu ne da tashar jiragen ruwa, kuma da ciniki ya juya, aikin dako ya mutu, masana'antu suka rufe, rashin aikin yi ya yi katutu, har tarzoma ta ɓarke a unguwar Toxteth a 1981. Ana cikin haka aka harbe Lennon a Amurka a Disamban 1980, sai masoya suka riƙa zuwa daga Japan da Amurka da Jamus suna tambayar ina Cavern, ana nuna musu filin motoci. Kunya ta kama gari. Aka koma aka tono wurin, aka tarar ginin ya lalace ba zai gyaru ba, sai aka tsince tubalansa kimanin 15,000 aka sake gina shi a kan babban ɓangaren filinsa na asali, aka buɗe a Afrilun 1984. Ya sake rufewa bayan 'yan shekaru, kuma waɗanda suka farfaɗo da shi a 1991 ba gwamnati ba ce: wani malamin makaranta ne, Bill Heckle, da wani direban tasi, Dave Jones, waɗanda dama sana'arsu zagayawa da baƙi. Hukumomi daga baya suka biyo sahu. Aka ajiye gidajen da McCartney da Lennon suka tashi, aka sa wa filin jirgin sama sunan Lennon, a 2015 kuma UNESCO ta sa garin cikin biranen kiɗa. Wani rahoto da majalisar birnin ta sa aka yi, wanda ya fito a 2016, ya ƙiyasta cewa sunan Beatles na kawo wa garin kusan fam miliyan 82 a shekara, da ayyukan yi sama da 2,300.

Ba zan ce komai nasu daidai ne ba. Titin Mathew da dare ya zama wurin hayaniya da maye, kantunan tsaraba sun cika shi da tarkace, kuma kusan kowace mashaya a yankin na neman hanyar jingina kanta da samarin nan ko da ƙarfin tsiya. Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka daɗe ana tsallakewa. A motar da ta tafi Hamburg akwai wani baƙar fata ɗan Trinidad, Harold Phillips, wanda aka fi sani da Lord Woodbine, mawaƙi kuma mai gidan rawa, wanda ya ba samarin wurin wasa tun ba su iya ba. Ya rasu a gobara a 2000, kuma shekaru da yawa sunansa bai cika fitowa a bakin jagorori ba. A Toxteth ɗin nan akwai kulob-kulob na 'yan Afirka, na 'yan Najeriya da Saliyo da Somaliya, da ma'aikatan jiragen ruwa suka kafa, inda samarin Turawa ke zuwa satar jin sabon kiɗa. Yawancinsu sun shuɗe, babu wanda ya tsince tubalinsu. Wanda aka rubuta shi ake tunawa, kuma mai alƙalami yakan fara da nasa.

To, mu dawo gida. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ɗaure tarihi a jikin wuri. Wanda ya je Daura za a kai shi rijiyar Kusugu, na Katsina a nuna masa Gobarau, na Kano ya hau Dala ya leƙa marinar Ƙofar Mata ya shiga Gidan Makama, kuma a kowanne akwai mai ba da labari. Mun iya abin sarai, in dai na sarakuna ne da malamai da mayaƙa. Inda hannunmu ke sanyi shi ne kan makaɗa. A Daurar nan aka binne Mamman Shata a 1999, mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa, wanda har gobe muryarsa ke tashi a motocin haya daga Kano zuwa Maraɗi zuwa zangon Kumasi. Baƙo nawa ne cikin masu zuwa Kusugu ake gaya wa haka? Wanda ya sauka Funtuwa ya tambayi gidan Shata ko na Barmani Coge zai sami mai nuna masa, haka Jos da Ɗanmaraya, haka Maradun da Ɗanƙwairo, haka Haɗeja da Haruna Uji. Amma ya tambayi a wane fili aka yi wasan kaza, a wane zaure aka fara rera waƙar wane, ina 'yan amshi ke kwana, wa ke ɗaure musu kalangu, sai dai a ce ya nemi tsoho wane, in yana nan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mun ɗauki makaɗi maroƙi, muna son waƙarsa muna ƙyamar sana'arsa. Sannan kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, ban da kiɗan fada da na noma da na dambe, kaso mai yawa na kiɗan da ya tashe daga shekarun 1950 zuwa 1980 a otal-otal aka yi shi, da kulob, da gidajen sinima, da gidajen magajiya, da bakin tasha. Wurare ne da mai mutunci ba ya son a ce an gan shi. Saboda haka da aka rushe su ko aka mai da su kantuna, ba wanda ya yi kuka, wasu ma hamdala suka yi. Yau in ka ce Wapa a Kano, 'yan canji yaro zai tuna, bai san sunan gidan sinima ba ne.

Ga amsata ga mai tambayar kifi da kaska. Ba na kiran kowa ya buɗe mashaya, ba na kuma cewa a mai da abin da addini ya hana abin alfahari. Rubuta cewa abu ya faru a wuri kaza ba yabonsa ba ne. Malaman tarihinmu sun rubuta labarin Tsumburbura da Barbushe ba tare da sun koma bautar gunki ba, kuma ba don sun rubuta ba da ba mu san daga inda Kano ta taso ba. Waƙoƙin nan su ne suka adana sunayen attajiran gyaɗa da direbobi da 'yan siyasar jamhuriya ta farko da sojojin yaƙin basasa, kuma wanda ya san inda aka yi su ya san yadda garuruwanmu suka rayu a lokacin. Zangon yawon namu ma ba sai ya zama irin nasu ba. Muna da ƙofar fada, da filin dambe, da gidan rediyon Kaduna inda aka naɗi muryoyi da yawa, da rumfar mai gyaran kalangu, da teburin mai shayi.

An yi ƙoƙari a fagen littafi. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata a 2006, kuma sassan Hausa na jami'o'inmu cike suke da kundaye kan Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗan'anace. Sai dai kundi yana kan kanta, mutum kuwa yana kan titi. Abin da ya rage shi ne a fito da abin da ke cikin kundin a kai shi ƙofar da ya faru, a sami matashin da zai haddace shi ya iya faɗinsa da daɗi, ba ƙari ba ragi, ya kuma ci abinci da shi. Ba sai an jira Bature mai kyamara ba, balle yanzu da matsalar tsaro ta kore su. 'Yan makaranta da ɗaliban jami'a da baƙin hawan Salla sun isa kasuwa.

Liverpool ta yi sa'a ɗaya: da ta farka, yawancin shaidunta ba su tsufa ba. Namu 'yan amshin da makaɗan da direbobin da suka yi yawo da Shata da Ɗanƙwairo, waɗanda suka rage, shekaru sun ja musu. Ɗaliban Hausa da na tarihi a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Damagaram, kowa da waya a aljihunsa. Ku nemi waɗannan dattawa a bana, ku roƙe su su taka da ku zuwa wuraren, ku naɗi abin da suka ce a tsaye a bakin ƙofar, ku rubuta sunan unguwa da na titi da shekara, ku kuma tambayi mutum biyu kafin ku yarda da ɗaya.